Wa Ya Koya wa Ɗan Masani Magana?

Tun ranar 3 ga Yuli, 2017, da Allah Ya yi wa Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, rasuwa a Alƙahira, jawabansa ba su daina yawo a wayoyin mutane ba. Sai ka ga matashin da bai taɓa ganinsa ido da ido ba ya nutsu kan guntun bidiyo na minti biyu, inda dattijon, wanda a ƙarshen rayuwarsa ba ya gani, yake zuba zance da Hausa ko Turanci, babu takarda, babu gargada, yana ɗaga murya inda ya dace, yana dakatawa inda shirun zai fi magana ratsa zuciya. In an gama saurare, abin da ake faɗa ɗaya ne: wannan baiwa ce, Allah ne Ya ba shi, irinsu sun ƙare.

Rabin maganar gaskiya ne. Zaƙin murya da kaifin ƙwaƙwalwa kyauta ce daga Ubangiji, kuma ba a raba su daidai ba. Ɗaya rabin kuwa yana da illa babba, don a bayansa ne gida da makaranta da ma'aikata suka fake, suka sauke wa kansu nauyin koya wa yara tsayawa gaban jama'a su yi bayani. In dai abin baiwa ne zalla, to babu laifin kowa idan ɗalibin da ya shekara huɗu a jami'a ya tashi kare kundin digirinsa gwiwa na rawa, takarda na karkarwa a hannunsa. Tarihin waɗanda ake yi wa kirari da fasahar baki bai yarda da wannan uzuri ba. Kowannensu ya ratsa wasu makarantu, waɗansu masu aji da allo, waɗansu a zaure da dandali, kuma yawancin makarantun nan an bar su sun mutu ko suna gargara.

A ɗauki Ɗan Masanin kansa. Ya tashi a gidan Madakin Kano, wurin da yaro ke buɗe ido ya ga yadda ake isar da saƙo gaban manya: wa ake fara gaisarwa, yaya ake shigar da buƙata ba tare da cin fuska ba, yaushe karin magana ke aiki, yaushe ake kame baki. Ya yi Midil ta Kano da Kwalejin Kaduna, sannan ya dawo ya riƙe alli. Malamin aji kuwa kullum cikin jawabi yake, gaban masu sauraron da ba su iya ɓoye gajiya ba. In bayani bai shiga ba, nan take zai gani a fuskokinsu. Ga kuma ƙaunar da yake yi wa wasan kwaikwayo, har aka yi ƙungiyar wasa mai sunansa a Kano. Daga nan sai Majalisar Wakilai a Legas tun 1954, sai kujerar ministan ma'adinai da lantarki daga 1959 zuwa 1966, sai Majalisar Ɗinkin Duniya a zamanin Shugaba Shagari, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata. Dattijon da ake gani a bidiyo ya kwashe shekara 60 ko kusa da haka yana magana gaban mutane kafin a ɗauki hoton.

Haka labarin yake ga Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinare. Kwalejin Katsina, wadda ya shiga a 1928 ya fita a 1933, ta yi suna wajen tsananta wa ɗalibanta kan lafazin Turanci: a karanta da ƙarfi, a gyara, a sake. Shi ma ajin Midil ta Bauchi ne ya zama masa fagen atisaye. A farkon shekarun 1940 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi wanda ya haɗa shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, ana ajiye batu a yi ta ja-in-ja a kansa da hujja, har muhawarar ta fara taɓo mulkin En'e, hukuma ta ga abin ya isa ta dakatar da zaman. Wanda ya saba kare ra'ayinsa gaban Sa'adu Zungur ba zai firgita da zauren majalisa ba. Shi ya sa a watan Agustan 1950 Ɓalewa ya iya miƙewa a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, a lokacin da irin wannan magana ke iya raba mutum da aikinsa. Bayan shekara goma, ranar 7 ga Oktoba, 1960, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ranar da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99, kuma a 1961 ya yi wa 'yan majalisar dokokin Amurka jawabi. Duniya ta ji muryar, amma ba ta ga shekaru 30 na karatu da ƙarfi da gardamar zaure da suka gina ta ba.

Makarantar Malam Aminu ta fi ta kowa zafi, ita ce lacca. Jam'iyyarsa ta NEPU, da aka kafa ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da sarakuna, ba ta da kuɗi, kuma talakawan da take nema yawancinsu ba sa karanta jarida. Abin da ya rage mata shi ne fili da yamma da mutum ɗaya a tsaye. Dole mai lacca ya fassara haraji da jangali da aikin tilas da kotun alƙali cikin harshen da manomi zai koma gida ya maimaita wa iyalinsa, kuma ya yi hakan yana sane da cewa 'yan doka na gefe. Malam Aminu, ɗan gidan malamai da ya iya jawo aya da tarihi, marubucin wasan kwaikwayo da ya san yadda ake gina labari, ya ƙware wajen sauƙaƙa abu mai nauyi ba tare da ya raina hankalin mai sauraro ba. A wannan fagen ne Hajiya Gambo Sawaba ta fito daga Zariya tana yarinya, ta hau dandamali a zamanin da matan Arewa ba su da ko ƙuri'a, ta sha ɗauri sau da dama saboda abin da bakinta ya faɗa.

Kafin duk waɗannan akwai tsohuwar makaranta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi yana ɗan kimanin shekara 20, ya zaga Kabi da Zamfara yana magana da mutane cikin Fulatanci da Hausa, alhali littattafansa da Larabci yake rubuta su. Ɗansa Muhammadu Bello ya bar bayani a Infaƙul Maisuri kan yadda Shehu ke fitowa majalisi: yakan ɗan tsaya kafin ya fito don sabunta niyya, ya fito da sakin fuska, ya yi sallama ɗaya da kowa zai ji, ya nemi a yi shiru cikin ladabi, kuma ba ya ƙosawa da jama'a ko da sun cika surutu da tambaya. Duk wanda ya karanta littafin koyon jawabi na zamani zai gane waɗannan matakai: shirya zuciya, kama hankalin taro, zaɓen harshen da za a fahimta. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗauki wannan hanya ta horar da jajis na 'Yan Taru, mata masu haddace darasi su tafi ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata da baki.

Su kansu malaman zaure ba su taɓa ɗaukar fasaha a matsayin abin da ake haihuwar mutum da shi kawai ba. Fanni ce mai suna balaga, mai rassa uku, ma'ani da bayan da badi'i, ana karanta ta a littattafai irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi da Jauharul Maknun na Akhdari, kuma ginshiƙinta shi ne magana ta dace da halin da ake ciki. Jahiz, marubucin Basra, ya kawo labarin Wasilu bin Aɗa'u, wanda harshensa ba ya iya furta harafin ra'un daidai, sai ya horar da kansa har ya zama yana yin doguwar huɗuba ba tare da kalma ɗaya mai wannan harafi ba. Malamai sun yi saɓani da aƙidar Wasilu, amma ba wanda ya musanta wahalar da ya sha a kan harshensa. Alƙur'ani ma ya ba da labarin Annabi Musa, alaihis salam, yana roƙon a warware masa ƙullin harshe, yana kuma neman a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna don ya fi shi fasaha. Mai in'ina da mai rawar murya suna da abin dogaro a nan.

Wannan makaranta ta malaman zaure ita ce kaɗai ba ta mutu ba, kuma kowane azumi tana nuna ƙarfinta. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ya riƙa yaɗawa, zaman Sheikh Nasiru Kabara da na Sheikh Isa Waziri a Kano, na Sheikh Ɗahiru Bauchi a Kaduna, na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a Masallacin Indimi a Maiduguri: salo daban-daban, wani da taushi, wani da raha, wani da tsara hujja ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne tsarin zaman kansa. Mai jan baki ya ja aya, malam ya fassara ya yi sharhi, a koma ga mai jan baki. Muryoyi biyu na karɓa-karɓa, kunne na samun hutu, kuma zance ba ya yin nisa da tushensa kafin a dawo da shi. Almajirin da ya shekara goma a gefen irin wannan kujera yana kallo, sannan aka fara tura shi ƙananan masallatai ya gwada, an koya masa sana'a ne kamar yadda tela ke koya wa yaronsa: ya fara da riƙe almakashi da ɗinka maɓalli kafin a ba shi yadin mutane.

To me ɗan boko na yau yake da shi a madadin wannan? Abu ɗaya ya isa ya nuna girman giɓin. A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO a Nijeriya akwai takardar da aka ware don gwada lafazin Turanci, kuma ana amsa ta ne ta hanyar zaɓen amsa ɗaya cikin jerin amsoshi. Ɗalibi na iya cin ta da maki mai kyau bai buɗe baki ba. Malami kuma abin da za a tambaya a jarrabawa yake koyarwa. Ƙungiyoyin muhawara da na wasan kwaikwayo, waɗanda a da kowace sakandaren gwamnati ke alfahari da su, a makarantu da yawa sai dai suna, ko kuma a tuna da su idan an gayyaci makarantar gasa, a ɗauki yara uku mafiya ƙoƙari a ba su rubutu su haddace. Sauran ɗaruruwan suna zaune. A aji mai cunkoso, yaro na iya gama shekara shida ba a taɓa cewa ya tashi ya yi bayanin minti uku da kalmominsa ba. Ya shiga jami'a, ya kwafi takardun malami, ya mayar masa da su ranar jarrabawa. Karon farko da zai fuskanci manya a tsaye shi ne ranar kare kundi, na biyu kuma ranar ganawar neman aiki, wato ranaku biyu da kuskure ke da tsada.

Akan ɗora laifin a kan kunya, wai ita ke ɗaure bakin ɗan Bahaushe. Gaskiya ne ana tarbiyyar yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, kada ya katse shi, kuma littattafan Turawa masu cewa a kafa wa mai sauraro ido ba su san wannan ba. Amma Ɓalewa da Maitama ba marasa kunya ba ne. Ladabinsu na cikin abin da ya sa ake sauraronsu. Gidan da ya koyar da kunya shi ne kuma ya tanadi wuraren sakin baki: tatsuniya da dare, kacici-kacici, karya-harshe, wasan dandali, tashe a watan azumi inda yara ke bin gida-gida suna kwaikwayo gaban manya. Ko aike horo ne, don yaron da aka tura da saƙo dole ya gaisar, ya faɗi abin da aka ce daidai, ya dawo da amsa ba ragi ba ƙari. Abin da ya faru shi ne an riƙe umarnin yin shiru, an bar wuraren magana sun ɓace. Asarar ta fi faɗa wa 'ya'ya mata, waɗanda har yanzu a wasu gidaje ake ɗaukar ɗaga muryarsu gaban taro a matsayin rashin tarbiyya, a ƙasar da ta haifi Nana Asma'u.

Sakamakon yana nan a kowane zauren taro. Mai gabatar da muƙala zai sunkuya kan takarda ya karanta ta daga farko har ƙarshe da murya ɗaya, ko ya juya wa mutane baya yana karanta abin da majigi ya haska, layi 15 na ƙananan haruffa da na baya ba sa gani. Manhajar PowerPoint, tun fitowarta a 1987, ta sauƙaƙa wa mutane ɓoye rashin shiri a bayan allo, kuma ba a nan kaɗai ba. Kwamitin da ya binciki tarwatsewar kumbon Columbia na Amurka a 2003 ya soki yadda injiniyoyi ke cusa bayanin haɗari cikin shafukan majigi maimakon cikakken rahoto, har muhimmin gargaɗi ya nutse cikin jerin layuka. A 2004 kamfanin Amazon ya hana amfani da majigi a tarukan manyan jami'ansa, ya ce a rubuto bayani cikin cikakkun jimloli a karanta tukuna, sannan a tattauna. Majigi na da amfani idan akwai abin da ido ya kamata ya gani: taswira, hoton ganyen da cuta ta kama, jadawali mai lamba uku ko huɗu. In ya wuce haka, ya zama katanga tsakanin mai magana da mutanensa.

Sai dogon jerin gaisuwa. Girmama manya wajibi ne, kuma taron da aka tsallake sarki ko malami ba a ambace shi ba ya fara da rauni. Amma idan mai gabatar da taro ya riga ya ambaci kowa da muƙaminsa, babu dalilin da zai sa masu jawabi bakwai su sake bin jerin ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ba minti 10 ya ƙarar da kusan rabi kafin ya taɓa batun. Mintocin farko su ne lokacin da kunnuwa suka fi buɗewa. Addini ma ya yi magana kan tsawaitawa: a hadisin Ammar bin Yasir da Muslim ya ruwaito, gajarta huɗuba da tsawaita salla alama ce ta fahimtar mutum. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya sauri a magana, kuma yakan maimaita kalma sau uku don a fahimta. A Gettysburg ta Amurka a 1863, Edward Everett, fitaccen mai jawabi na zamaninsa, ya yi awa biyu yana magana, Shugaba Lincoln ya bi bayansa da kalmomi kusan 270, kuma na Lincoln ne ɗalibai ke haddacewa har yau.

Kada a ɗauka wannan matsala ce ta ƙawa. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Zargin da jama'a ke yi yana da tushe, domin ba a manta da gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma a fagen magana, masu adawa da allurar sun yi bayani a masallaci da kasuwa da majalisar unguwa cikin Hausar da kowa ke ji, yayin da masu ilimin abin suka fi dogara ga sanarwar manema labarai da kalmomin asibiti. Al'amarin bai juya sosai ba sai da aka shigo da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, mutanen da suka san yadda ake zama da uwa a amsa mata tambayarta. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Malamin gona da ke gaya wa manomi kilo kaza a kowace hekta, alhali manomin da buhu da tiya yake lissafi, yana maimaita wannan kuskure a ƙaramin mataki kowace damina.

Wannan ya kawo batun harshe. Ɗan boko da yawa yana tsakiyar ruwa: Turancinsa na takarda ne, bai saba furta shi ba, Hausarsa kuma ta hira ce, bai taɓa amfani da ita wajen bayanin kasafin kuɗi ko ciwon suga ba. In an miƙa masa makirfo sai ingausa ta fito, rabin jimla nan rabi can. Ma'aikatan sashen Hausa na BBC, tun buɗe shi a 1957, da na Rediyon Kaduna da sauran tashoshi sun daɗe da tabbatar da cewa babu batun da Hausa ba za ta ɗauka ba, in an zauna an nemo kalmar kafin a shiga ɗakin watsa shiri. A Jamhuriyar Nijar, inda aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, jami'in da ya yi dukkan karatunsa da Faransanci yana fuskantar irin wannan aiki. Horon da ya dace da wannan yanki dole ya kasance cikin harsuna biyu, kowanne da ranarsa.

Shi horon kansa ba wani asiri ba ne. Mai shirin jawabi zai fara da tambayar su wa za su zauna a gabansa, me suka riga suka sani, me yake so su tashi da shi. In ba zai iya faɗin saƙonsa cikin jimla ɗaya ga abokinsa ba, bai gama tunani ba tukuna, kuma ƙarin shafuka ba zai gyara hakan ba. Sai ya nemo wa kowace hujja misalin da mutanen wurin za su gane, ya mayar da lambobi zuwa ma'aunin da suke amfani da shi. Bayan nan sai babban matakin da kusan kowa ke tsallakewa, wato bita da murya a tsaye, da agogo a gefe. Abin da ido ya karanta lafiya a takarda sau da yawa harshe na tuntuɓe a kansa, kuma ba a gane hakan sai an furta. Wayar hannu ta kawo sauƙin da su Ɓalewa ba su samu ba: mutum ya ɗauki kansa, ya saurara, ya ji yawan “to” da “ka gane” da yake cusawa, ya ga hannunsa na wasa da hula. Fargaba ba ta tafiya gaba ɗaya, ƙwararru ma suna jin ta. Abin da ke rage ta shi ne haddace jimlolin buɗewa, jan numfashi kafin farawa, da sabo. Lokacin tambayoyi kuwa, wanda ya ce “wannan ban sani ba, zan bincika” ya fi samun amincewar taro a kan wanda ya yi ta kewaye-kewaye. Ƙungiyar Toastmasters, da aka kafa a Kalifoniya a 1924, a kan wannan ta ginu: kowa ya yi gajeren jawabi, wani na riƙe da agogo, wani na ƙirga kalmomin cike gurbi, wani ya tashi ya faɗi inda aka yi kyau da inda za a gyara.

Akwai masu tsoron cewa koya wa matasa zaƙin baki zai ƙara yawan 'yan yaudara ne, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Sojojin baka da ke cika gidajen rediyon Kano da dare suna da fasaha, kuma sau da yawa cin mutunci ake saye da ita. Muhammad Yusuf, wanda ya kafa ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, da baki ya tara mabiya a Maiduguri kafin 2009, wa'azinsa na yawo a kaset da wayoyi. Sai dai waɗannan misalai suna nuna akasin abin da masu tsoron ke nufi. Mai ɓarna ba ya jiran makaranta ta koya masa. Zai nemi fasahar ko ta halin ƙaƙa. Wanda ake bari ba makami shi ne likita da malamin kimiyya da ma'aikacin kirki, masu gaskiya a hannu amma ba bakin isar da ita. Kuma yaron da aka saba sa shi ya kare ra'ayi yau, gobe a ba shi ɓangaren da ya saɓa masa, shi ne zai fi saurin gane inda mai magana ya tsallake hujja ya koma tayar da hankali. Ajin muhawara masu sauraro yake horarwa fiye da masu jawabi, tunda a kowane zama mutum ɗaya ke tsaye, sauran na auna shi.

Ba sai an je Kalifoniya neman tsari ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ta nuna cewa Arewa ta iya horar da harshe da auna shi: daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, maza da mata, da alƙalai da maki da ƙararrawar da ke kaɗawa in an yi kuskure. Yarinya 'yar shekara 12 na zama gaban dubban mutane da kyamarori ta yi karatu murya ba ta rawa, saboda an shirya ta, an gyara mata sau ɗari kafin ranar. Al'ummar da ta iya wannan ba za ta ce ba ta san yadda ake cire wa yaro tsoron taro ba.

Lissafin abin da ake buƙata a makaranta ma ba shi da yawa. A aji mai ɗalibi 60, in aka ware darasi ɗaya na minti 40 a mako, yara takwas za su iya tashi, kowanne ya yi minti uku, a yi masa gyara na minti biyu. A shekara kowane yaro zai tsaya aƙalla sau 4, wato sau 24 kafin ya gama sakandare, wani mako da Hausa, wani da Turanci, kan abin da ya sani: yadda ake shuka gero, dalilin da ya sa farashin masara ke tashi kafin kaka, abin da aka koya a darasin kimiyya jiya. Ba a buƙatar majigi ko lantarki. Sharaɗin shi ne kowa ya tashi, har da mai in'ina da yarinyar da ke zama a layin baya, kuma a hana dariya, don dariyar aji sau ɗaya na iya rufe bakin yaro shekara da shekaru. A ba abin maki a sakamakon zango, in ba haka ba malamai da iyaye ba za su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Wuri mafi wuya shi ne malamin da zai yi gyaran, domin shi ma ta wannan tsarin ya fito. Kwalejojin ilimi suna da darasin gwajin koyarwa, inda ɗalibi ke tsayawa gaban 'yan ajinsu ya koyar kafin a tura shi makaranta, kuma nan ne ya kamata a zuba ƙarfi: a ƙara yawan tsayuwar, a ɗauki bidiyo da waya, a gayyato tsofaffin ma'aikatan rediyo da malaman tafsiri su zauna su saurara su yi gyara. Sauya jadawalin makarantun gwamnati yana hannun ma'aikatun ilimi na jihohi, kuma zai ɗauki lokaci. Makarantun Islamiyya da masu zaman kansu da ƙungiyoyin ɗalibai na unguwanni kuwa ba sa jiran izinin kowa, za su iya farawa a zangon karatu mai zuwa.